Yadda Aka Kai Ni Ƙofar Khamiso Ba Takalmi

Karachi,
12 ga Disamba.

Zuwa ga ƙanena Imdad Ali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nasreen da yara, Ya kuma sassauta muku sanyin Calgary da na ji an ce na bana ya fi na bara. Mu nan muna lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwata ta dama ce kawai take mita in na hau bene. Maigidana Abdul Sattar kuwa ciwon sukarinsa ya lafa tun da na ɓoye masa kwalbar zuma, ko da yake ya ɗauke ni abokiyar gaba saboda haka. ’Yata Sanam ta gama jarrabawa, tana gida tana barci har azahar, wai hutawa take.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna maimakon saƙon murya. Na san halinka ne. Saƙon murya kana tuƙi kake saurarensa, ka ce “to, Allah Ya kyauta,” shi ke nan ka manta. Wannan kuwa so nake ka zauna ka karanta, domin magana ce a kan Khamiso, maƙwabcin gonarmu, wanda yake ɗaukar ka a wuya ya tsallakar da kai magudanar ruwa lokacin da kake ɗan makaranta. Ekarsa shida tana gab da fita daga hannunsa, kuma da ƙafata aka yi aikin.

Sati biyu da suka wuce Yaya Wahid Bux ya buga mini waya. Ka san shekara huɗu ke nan bai neme ni ba sai dai gaisuwar Salla, ita ma a gurguje. Sai ga shi da murya mai zaƙi, wai ya yi kewar ’yar’uwarsa, wai lallai in zo garinmu Tando Allahyar in ga sabon zauren baƙin da ya gina, in kuma yi bikin ranar al’ada tare da su. Har mota ya aiko. Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa, na san fuskar yaron da ya zo da ladabi don bai yi aikin gida ba, amma na rasa wannan wayon a kan ɗan’uwana. Na shiga motar ina murna kamar wata sakarya.

Gari yana nan yadda ka san shi a lokacin sara. Tun daga nesa tirelolin rake sun cika titi, an lafta musu kaya har suna tangaɗi, direbobi sun shimfiɗa tabarma a inuwarsu suna jiran layin kamfanin sukari, warin ruwan rake ya cika ko’ina. Wannan bai dame ni ba, a ciki muka tashi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne zauren Yaya. Imdad, da ka ga abin da ka yi dariya har ka faɗi. Ya sa an gina zakuna biyu na siminti a ƙofa, an shafa musu ruwan zinariya, ɗaya idonsa a karkace. Ciki kuwa tayil har rufi, ga hotonsa ya fi ƙofar tsawo, ya murɗe gashin baki yana kallon nesa sai ka ce shi ya haƙa kogin Sindh. Wurin da Baba yake zama a kan gadon igiya yana sauraren manoma, an ajiye wata kujera mai kan dawisu, kuma ba wanda yake zama kusa da ita sai masu cewa “haka ne, ranka ya daɗe.”

Ranar Lahadi aka yi bikin. Yaya ya sa hula mai madubai, ya yafa mayafinmu na gargajiya ajrak, ya hau mumbari ya yi kusan awa guda yana jawabi a kan mutuncin Basindhe: wai mu ne masu girmama baƙo, masu kare maƙwabci, masu ɗaukar ’ya mace a ka. Ina bayan labule da sauran mata ina ji. Duk wani mai muƙami da ya leƙo sai an yafa masa ajrak an ɗauki hoto, irin ajrak ɗin nan na inji da ake saye dami-dami, wanda wanki ɗaya yake mayar da ruwa ja. Ɗansa Sarfaraz, ƙato ɗan shekara talatin da biyu, yana gefe yana rawa da bindiga a kafaɗa, tumbinsa na rawar kansa daban. Aka ci shinkafar biryani aka watse, kowa na yabon Yaya da baki cike.

Da la’asar na hau soro in sha iska, sai na hango gonar Khamiso baƙa ƙirin daga wannan iyaka zuwa waccan. Rake a tsaye amma a ƙone, wani ya kwanta ya fara ruɓa. Na tambayi Yaya, ya ce wayar lantarki ce ta faɗo, ƙaddara ce, ya kawo wani zancen. Gwaggo Basran ce ta gaya mini gaskiya ina shafa mata mai a ƙafa. Ka san yadda ake ƙona busasshen ganye bayan an sare gona: a jira iska ta kwanta, a jiƙa iyaka da ruwa, a aika wa maƙwabci ya zo ya tsaya. Ko jaririn garinmu ya san wannan. To, Sarfaraz da tsakar rana ya sa aka cinna, iska na kaɗawa, ba ruwa ba aike, don yana sauri ya tafi kallon kokawa. Kafin a ankara wuta ta tsallaka ta cinye eka shida, har da ekar da Khamiso ya ware don iri, ga shi saiwar sauran raken shekararta uku, bana ce ta ƙarshe, dole a sake dashe.

Da a nan abin ya tsaya da na ce wauta ce ta ɗan da aka sangarta. Amma kai ma ka san ƙonannen rake ba asara ba ne in aka kai shi kamfani cikin kwana biyu, kafin zaƙinsa ya juya. Yaya yana da takardun shiga layi na wannan satin, yana da tirela huɗu da masu sara sun fi talatin. Khamiso ya zo da kansa har zaure, ya tsaya tsakanin zakunan nan, ya roƙa a ara masa layi da tirela na kwana biyu kawai. Gwaggo ta ce Yaya ko shayi bai sa an ba shi ba. Cewa ya yi in ya ba da tirela, mutane za su ce ya amsa laifi. Haka raken ya tsaya yana tsami a idon mai shi har ya zama abin da ko jaki ba ya ci. Kuma kar ka manta gonar Khamiso ce a bakin magudana, ita take fara shan ruwa kafin tamu, kuma tun Baba yana da rai Yaya yake haɗiyar yawu a kanta.

Khamiso ya kai ƙara wurin dattawa, aka sa ranar Juma’a za a zauna. Kowa ya san yadda za ta kaya, domin mutane da yawa sun ga wanda ya cinna wutar. Na ce a raina madalla, zan ƙara kwana biyu in ga yadda mai jawabin mutunci zai sunkuyar da kai. Ban san ni ce maganin da ya tanada ba.

Ranar Talata da hantsi Yaya ya leƙo cikin gida ya ce Bhagul, matar Khamiso, ba ta da lafiya, ya kamata in je in duba ta tunda tare muka yi wasan ƙasa. Na ji daɗi, har na ce ashe da sauran imani a zuciyarsa. Aka sa mu a mota ni da Gwaggo da ’yan matan gida biyu. Da muka kusa sai na ga motoci uku a bayanmu cike da maza. Aka tsaya nesa da ƙofa, muka sauka, sai na ga Gwaggo ta tuɓe takalmi, ta zame mayafinta zuwa kafaɗa, an miƙa mata Alƙur’ani a naɗe cikin koren ƙyalle. Yaya ya matso kusa da kunnena ya ce, “Cire takalminki, Hakimzadi. Ke ce ’yar gidan.”

Ka bar gida kana ɗan ashirin da biyu, wataƙila ka manta nauyin al’adarmu ta mer. Idan gida ya yi wa gida laifin da ba shi da magani, sai a tura ’ya’ya mata ba takalmi su tsaya a ƙofar wanda aka zalunta, shi kuma ba shi da ikon mayar da su hannu wofi, ko da jini ne a tsakani. Kakanninmu sun ajiye wannan don kashe gabar da za ta cinye zuriya, kuma masu zuwa sukan zo da kunya da shirin gyara abin da suka ɓata. Yayanka kuwa ya ɗauko shi don kada a sa shi biyan raken talaka. Matarsa ba jinin gidan ba ce, ’yarsa ta Hyderabad ta ƙi ɗaukar waya don ta gane, shi ya sa aka tuna da ni. Ranar da aka raba gadon Baba, aka kawo mini takarda in sa hannu na yafe rabona ga ’yan’uwana maza, ba wanda ya ce ni ce ’yar gidan. Kai ma kana wurin, kana kallon ƙasa.

Na so in juya, wallahi na so. Amma unguwa ta riga ta fito, yara sun ruga sun faɗa a ciki, ƙofar kuma ta buɗe. ’Ya mace ta zo ƙofar mutum ta juya ba ta shiga ba, shi aka tozarta, za a ce gidansa bai isa a roƙe shi ba. Yaya ya lissafa wannan sarai, a nan kaɗai kansa yake aiki. Na cire takalmin. Na ce a raina ba komai, zan shiga, in aka tambaye ni abin da nake roƙo zan ce ina roƙon a bar dattawa su yi aikinsu. Ina taka ƙasar nan mai zafi ina shirya maganar a bakina.

Ban samu na faɗe ta ba. Khamiso ya fito daga ɗaki, ya tsufa ƙwarai, Imdad, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya dubi Alƙur’anin ya sumbace shi, ya dubi ƙafafuna, sai ya kau da kai da sauri kamar ya ga tsiraici. Ya zare ajrak ɗin da ke kafaɗarsa, tsoho ne na bugun hannu da ya koɗe don wanki, ya rufa mini a ka da hannu biyu. Na buɗe baki na ce, “Khamiso, tsaya ka ji,” ya ɗaga hannu ya tare ni. Ya ce, “’Yar Haji Dhani Bux ta tako ƙofata ba takalmi, kuma in bari ta roƙa? Na yafe. Daga yau ke ’yar’uwata ce. A kawo mata takalminta.” A gaban mutum hamsin ya faɗa, ka ga babu sauran zaman Juma’a.

Mazan da ke waje suka ɗauki kabbara da sambarka, Yaya ya shigo ya rungume shi yana bubbuga bayansa, har da matso hawaye, Sarfaraz kuwa yana daga baya yana duba waya. Bhagul lafiyarta ƙalau. Tana tsaye a bakin murhu, kallona kawai take. Da aka kawo shayi ita ta miƙo mini, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, “Sha, malama. Da sukarin kanti aka yi, namu ya ƙone.” Na sha, Imdad. Ban taɓa raina kaina irin na wannan rana ba, kuma har yanzu da nake rubutu abin bai sake ni ba.

A mota Yaya sai fara’a yake, yana cewa ai ya san jinin Baba ba zai ba shi kunya ba. Ya dubi abin da ke kaina ya ce in yar da wannan tsumma, zai ba ni sababbi guda biyar. Na ce masa ya riƙe su, akwai sauran masu muƙami da bai yafa wa ba. Na gaya masa sauran abin da ke bakina a gaban direbansa, ban rage komai ba, amma ko a jikinsa. Dariya ya yi ya ce matan birni akwai zafin kai. Mutumin da ya sami abin da yake so, zagi ba ya kama shi. Kafin magariba na ji shi a zaure yana gaya wa ’yan amshinsa cewa yanzu da aka shirya, in Khamiso ya rasa yadda zai yi da gonar, shi mai taimako ne, zai karɓe ta da daraja don zumunci.

Washegari na koma gidan Khamiso ni kaɗai, da takalmina. Na zare awarwaron zinariyata biyu na ajiye a gabansa, na ce ya sayi iri ya riƙe gida zuwa baɗi. Ya tura mini su da bayan hannu, ransa a ɓace. Ya ce a ina na taɓa jin namiji ya ci daga hannun ’yar’uwarsa, so nake a yi masa dariya a kasuwa bayan an gama yi masa a gona? Ka ga iyakar mugunta: abin da ya rufe masa baki shi ne ya ɗaure mini hannu. Ya kuma ce ba zai karɓi komai daga gidanmu da sunan diyya ba, wanda ya yafe ba ya komawa ya miƙa hannu. Na tambaye shi to yaya zai yi. Ya ce Allah Yana nan, amma Bhagul ta raka ni ƙofa ta ce dillali ya riga ya zo sau biyu, kuma kowa ya san wanda ya aiko shi.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kana da eka huɗu daga gadon Baba, waɗanda Yaya yake nomawa da sunanka tun da ka tafi, yana aiko maka da hoton mangwaro duk shekara kana godiya. Raken da ke kansu bana yana nan tsaye, sabon dashe ne, na je na gani da idona. Ka karɓe nomansu daga hannun Yaya ka ba Khamiso, da raken da ke kai, a raba amfani biyu kamar yadda ake yi da kowane manomi. Wannan ba sadaka ba ce, ba diyya ba ce, aiki ne tsakanin namiji da namiji, kuma na bi ta bayan fage na tambayi Bhagul, ta ce wannan zai karɓa. Zai sami abin kaiwa kamfani, ya sami irin da zai dasa a gonarsa kafin zafi ya shigo, dillali kuma ya nemi wata ƙofar.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ba ka son rigima da babban wa, kana nesa, a bi a hankali. Tun kana yaro haka kake, in Yaya ya ɗaga murya sai ka tuna kana da karatu. A can kana zuwa taron ’yan Sindh kana sa hula kana ɗaukar hoto da yara, na gani, kun yi kyau. To hular nan ba ta fi ta Yaya ba in ba ka iya buga waya ɗaya. Masu sara suna gonar yamma yanzu, Gwaggo ta ce nan da sati uku za su iso taka. In suka sa mata adda kafin ka yi magana, shi ke nan, kafin bazara za a aiko maka da hoton Yaya tsaye a bakin magudana cikin gonar Khamiso, kuma ina roƙonka kada ka kira ni ka ce Allah Ya kyauta.

Ka gaishe mini da Nasreen, ka ce na gode da maganin gwiwa, yana aiki. Ka gaishe da Bilawal da Sindhu, ka ce wa Sindhu na ajiye mata shimfiɗar faci-faci da na yi alkawari, saura baki kawai. Abdul Sattar da Sanam suna gaishe ku. Gwaggo Basran ma tana gaisuwa, ta ce in gaya maka ita a gidan Yaya take ci take kwana, shi ya sa ta ɗauki Alƙur’anin da aka miƙa mata, amma kai ba a gidansa kake ci ba. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya sa ba su ga abin da aka yi da ’yarsu ba. Ni dai na ba da ƙafata ban sani ba. Kai yanzu ka sani.

Wassalam. Ni ce yayarka, kuma tun ranar Talata ’yar’uwar Khamiso,

Hakimzadi